Ƙadangaren Tsibiri: Rariya, Sa'a, da Ruwan da Ya Raba

Wannan lacca ce da wani malamin ilimin halittu ya gabatar a wani ɗakin taro a Yamai, gaban ɗaliban jami'a da na lise da wasu malamansu. Daga naɗin murya aka kwafo ta. An rage gaishe-gaishe da maimaici, amma an bar maganar yadda ta fito daga bakinsa.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai ƴan'uwana, ɗalibai, barkanku da yamma.

Da aka kira ni a waya aka ce in ba da take, na ce ƙadangare. Wanda ya kira ni ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ƙadangare dai wannan na bango?" Na ce shi fa, amma na tsibiri. Ya ce, "A Nijar da ba mu da teku?" [dariya] Na ce ya bari sai na zo. To ga ni na zo, kuma kafin mu tashi zan biya shi bashin amsarsa.

Ni a Tawa na tashi. Muna yara mukan tsinko gashin wutsiyar doki, mu yi masa zarge, mu ɗaura a bakin karan dawa. Sai ka laɓaɓa bayan jan-gwada yana kan katanga yana ta gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwar talakawa, ka zura masa zargen a wuya sannu a hankali. Abin mamaki, idonsa na kanka, bai damu da zaren ba. Ka fizga, ya taho yana wutsil-wutsil. Na sha bulala a kan wannan sana'a. Bayan na girma na ga yadda manyan masana ke kama ƙadangaru a tsibiran Amurka: sandar kamun kifi ce da zarge a bakinta. Na ce ashe bincike nake yi ake dukana. [dariya]

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne tushen maganarmu ta yau. Kama ƙadangaru goma a katanga ɗaya, ka auna su. Ba za ka samu biyu daidai ba. Wani ƙafarsa ta baya ta fi tsawo, wani kansa ya fi faɗi, wani ya fi tsoro, tun kana nesa ya zura rami. Wannan bambanci shi ne na farko. Na biyu, wani kaso na bambancin gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na uku, macen ƙadangare takan tona rami ta zuba ƙwai biyar, shida, bakwai, kuma da duka za su rayu su hayayyafa, da ba mu sami wurin taka ƙafa ba a garin nan. Shaho na ci, maciji na ci, kyanwa na ci, fari na kashewa, yara irina na kashewa. In akwai wata sifa da ke sa mai ita ya ɗan fi saura tsira har ya haihu, to a zuriya ta gaba masu wannan sifar za su ɗan fi yawa. Shi ke nan. Wannan ne abin da Charles Darwin da Alfred Wallace suka gabatar a London a 1858, Darwin ya fitar da littafinsa a 1859.

Ni nakan kira shi tankaɗen yanayi, don kalmar "zaɓi" tana ruɗa ɗalibai, sai su ɗauka akwai wani da ya zauna yana dubawa. Ku tuna rariya. Rariya ba ta da niyya, ba ta son gari ta ƙi tsaki. Girman hudarta ne kawai ke sa wani ya wuce wani ya tsaya. Sauya rariya, abin da ke wucewa ya sauya. Manominmu ya san wannan tun kafin a haifi Darwin: da kaka yakan ware manyan zangarniyoyin hatsi ya rataye don iri. Haka aka samu jar akuyar Maradi, da saniyar Azawak, da albasar Galmi. Can hannun mutum ne rariyar. A daji, yunwa ce, da mafarauci, da iska.

Ku riƙe wannan da kyau, don a nan ake faɗuwa jarrabawa: ƙadangare ɗaya ba ya sauyawa don ya ga yana bukata. Da ƙafar da aka ƙyanƙyashe shi zai mutu. Zuriya ce ke sauyawa, saboda wasu sun bar baya wasu ba su bari ba.

To me ya kai mu tsibiri? A babban yanki, abin da rariya ta tace a nan, gobe baƙi sun shigo daga can sun auri na nan, an sake gaurayawa. Kamar kana tankaɗe wani na mayar maka da tsaki cikin ƙwarya. A tsibiri ruwa ya tsare ƙofa. Kuma tsibiri ƙarami ne, kana iya kama kusan duk ƙadangarun da ke cikinsa ka yi wa kowane alama, ka dawo baɗi ka ga wa ya rage.

Sai ku ce, ta yaya ƙadangare ya je can tun farko? An daɗe ana gardama a kai, har Allah ya kawo shaida. A watan Satumba na 1995 mahaukatan guguwa biyu suka ratsa tekun Karibiyan. A farkon Oktoba masunta a tsibirin Angila suka ga tarin itatuwa da guguwa ta tumɓuke ya iso gaɓa, a kansa akwai manyan ƙadangaru koraye da ake kira iguwana, aƙalla 15, irin da babu shi a tsibirin kafin ranar. Masana sun bi sawun igiyar ruwa suka ce daga tsibirin Gwadalup suka taso, tafiyar kusan kilomita 300. Ƙadangare ya dace da irin wannan tafiya. Jikinsa ba ya buƙatar abinci kamar namu, yana iya makonni bai ci ba, fatarsa kuma ba ta zubar da ruwa. Damo sarkin haƙuri, ba banza aka yi masa kirarin ba.

Yanzu ku dubi waɗannan 15 ɗin. Wa ya zaɓe su? Ba su fi ƴan'uwansu ƙarfi ko wayo ba. Bishiyar da suke kai ce ta faɗi. In aka yi dace yawancinsu masu duhun fata ne, jikokinsu a sabon tsibiri za su fito da duhu, ba don duhun ya amfane su da komai ba. Wannan hannu na biyu ke nan bayan rariya, kuma sunansa sa'a. Sa'a, in ji Hausawa, ta fi manyan kaya. A taro ƙarami sa'a na da ƙarfi ƙwarai, don mutuwar mace ɗaya na iya tafiya da wata sifa har abada.

Misalin da ya fi shiga kaina shi ne na harshenmu. Mu a Adar muna cewa "hwari", Bakano ya ce "fari". Mu ce "shi na", ya ce "shi ne". Akwai wanda zai ce mini "hwa" ta fi dacewa da iskar Tawa? Babu. Nisa ne ya raba mutane, kowane ɓangare ya bi tasa hanya. Yanzu da rediyo da waya da motocin haya suka haɗa mu, kuna ji da kunnenku yadda yaranmu ke karkata. Haka ƙwayoyin gado suke: rabuwa ta bar su su bambanta, cuɗanya ta mayar da su kusa.

Bari mu je inda aka fi yin aikin. A yankin Karibiyan da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu akwai wasu ƙananan ƙadangaru da ake kira anolis, jinsinsu ya kai wajen 400. Yatsunsu na da tafi mai manne wa abu, kamar na tsaka. A manyan tsibirai huɗu, Kuba, Jamaika, Porto Riko, da Hispaniyola wadda Haiti ke cikinta, wani masani mai suna Ernest Williams ya lura da wani abu, ya rubuta shi a 1972. A kowane tsibiri ƙadangarun sun raba bishiya kamar yadda ƴan kasuwa ke raba rumfuna. Akwai ƙato mai babban kai a can ƙololuwa. Akwai kore mai manyan tafin yatsu a cikin ganye. Akwai siriri mai gajerun ƙafafu da ke rarrafe a kan tsinke. Akwai mai dogayen ƙafafun baya da ke zama a gindin bishiya yana kallon ƙasa, ya diro ya cafke ƙwaro ya koma.

Maganar ƙafa za ta yi ta dawowa, don haka ku fahimce ta. Doguwar ƙafa gudu ce a fili mai faɗi. Gajera kuwa riƙo ce a kan abu siriri. Raƙumi ya fi akuya a fili, amma ku hau da shi kan dutse ku gani.

Kowa ya ɗauka mai-tsinken Kuba ɗan'uwan mai-tsinken Jamaika ne, tunda kamar an tsaga kara. A 1998 Jonathan Losos da abokan aikinsa suka duba ƙwayoyin gadonsu. Sai ga shi, a mafi yawan lokuta, mai-tsinken Jamaika ya fi kusa da ƙaton Jamaika a kan mai-tsinken Kuba. Kama da wane ba wane ba ce. Ma'ana, a kowane tsibiri an yi rabon daga farko, daban, aka kuma fito da kusan amsa ɗaya, saboda bishiya bishiya ce ko a ina, tsinke kuma tsinke ne. Na ce kusan, don Jamaika ba ta da mai zama cikin ciyawa, sauran ukun suna da shi.

Wannan tarihi ne na miliyoyin shekaru, ba wanda ya gani da idonsa. Bahaushe kuwa ya ce gani ya kori ji. Shi ya sa na fi son abin da aka yi a Bahamas, inda akwai ɗaruruwan ƴan tsibirai, wasu ba su fi filin ƙwallo ba, wasu ba su kai ba.

A 1977 da 1981 Thomas Schoener ya ɗebi anolis masu ruwan ƙasa daga wani tsibiri mai manyan itatuwa ya zuba su a ƴan tsibirai 14 da ba su da ƙadangare, ba su da komai sai ƴan kurmi masu siraran rassa. Bayan shekara goma da wani abu aka koma aka auna. Ƙafafun baya sun gajarta, kuma inda rassan suka fi sirantaka nan suka fi gajarta. Aka buga a 1997, jaridu suka ɗauka. Amma su masu binciken ba su kwanta a kan yabo ba, kuma a nan nake so ɗalibai su buɗe kunne. Suka ɗauki jarirai suka raina wasu a kan faffaɗan katako, wasu a kan siririyar sanda. Waɗanda suka tashi a kan sanda suka fito da ƙafa ɗan gajere, ba tare da wani tankaɗe ba. Wato jiki da kansa yana ɗan bin abin da ya saba da shi. Dubi tafin hannun manomi, duk kanta. Ɗansa kuwa da hannu mai laushi ake haifarsa. Kanta ba gado ba ce. Saboda haka duk wanda ya zo muku da labarin dabba ta sauya, ku fara tambayarsa: gado ne ko kanta?

[A nan wuta ta ɗauke, naɗin ya tsaya na ɗan lokaci.]

To, kuna ji na a baya? Madalla, mu ci gaba da bakinmu.

Gwajin da na fi ƙauna shi ne na 2005. A 2004 guguwar da aka sa wa suna Frances ta sa teku ya shanye wasu ƴan tsibirai kusa da babban tsibirin Abako, can a Bahamas, ta share ƙadangarunsu kaf. Masu bincike, cikinsu har da Jason Kolbe da Losos da Schoener, suka ga dama ta samu. Suka je wani tsibiri babba mai itatuwa suka kamo ƙadangaru ba tare da zaɓe ba, suka kai namiji ɗaya da mace ɗaya kowane ɗaya daga tsibirai bakwai. Ango da amarya, ba ƴan rakiya. [dariya] Da yake an kamo su ne yadda hannu ya faɗa, wani tsibiri ya samu ma'aurata masu dogayen ƙafafu, wani ya samu masu gajeru. Shekara huɗu ana komawa ana aunawa.

Me aka gani? A duka bakwai ɗin ƙafafu sun gajarta, tunda duka rassansu sirara ne. Wannan aikin muhalli ne. Amma jerin bai rushe ba. Tsibirin da kakanninsa suka fi dogayen ƙafafu, jikokinsa ne har yanzu suka fi na sauran. Wanda ya fara da gajeru yana nan a ƙarshen layi. Kamar mutum bakwai ne suka gangara tudu tare, kowa ya sauka, amma na gaba yana gaba, na baya yana baya. Ga rariya ga sa'a a cikin ƙafa ɗaya, kuma ana iya nuna rabon kowace. Kafin wannan, masana sun yi shekaru suna jayayya, wasu na cewa bambancin tsibirai duk tankaɗe ne, wasu na cewa duk sa'ar ƴan farko ce. A ganina gardamar ta yi tsawo ne don kowa ya riƙe rabin gaskiya yana ce mata duka.

Rariyar ma ba ta zama wuri ɗaya. A 2003 an kai wani babban ƙadangare mai naɗaɗɗiyar wutsiya, wanda ke farauta a ƙasa yana cin ƙanana, aka sake shi a tsibirai shida, aka bar wasu shida babu shi. A wata shida na farko, masu dogayen ƙafafu ne suka fi tsira, don gudu ake yi. Sai waɗanda suka rage suka gane ƙasa ba ta zamuwa, suka haye rassa. A wata shida na biyu abin ya juye, masu gajerun ƙafafu suka fi tsira. Shekara ɗaya, tsibiri ɗaya, rariya biyu masu saɓa wa juna. Wanda ya auna farkon shekara da ƙarshenta kawai zai ce ba abin da ya faru.

Sai labarin guguwa. A 2017 Colin Donihue da abokansa suka je wasu tsibirai biyu a Turks da Kaikos, kusa da Bahamas, suka auna ƙadangaru, don wani aiki daban. Kwana huɗu da tafiyarsu guguwar Irma ta sauka, bayanta Mariya ta biyo. Suka dawo bayan makonni shida suka sake aunawa. Waɗanda suka rage suna da tafin yatsu mafi faɗi da ƙafafun gaba mafi tsawo. Wannan ba mamaki, riƙo ne. Abin da ya ɗaure musu kai, ƙafafun bayansu sun fi gajarta. Me ya sa ƙafa doguwa za ta zama illa ga mai neman riƙe reshe?

Ku ji dabarar da suka yi. Suka kafa sanda, suka ɗora ƙadangare, suka kafa raga a bayansa don kada ya ji ciwo, suka kunna masa injin hura iska irin na share ganye, suna ɗaukar hoto. Da iska ta taso sai ya zagaya bayan sandar, ya ƙanƙame da hannuwan gaba. Ƙafafun baya kuwa cinyoyinsu a buɗe suke gefe. Iska na ƙaruwa, su ne ke fara saki, jikin ya tashi yana kaɗawa kamar tuta, yana rataye da hannuwa biyu har su ma su saki. Doguwar cinya ta zama kamar babbar riga ranar iskar bazara, ita ke ɗaukar mai ita. Da aka koma daga baya aka auna ƴaƴan waɗanda suka tsira, su ma da manyan tafin yatsu suka fito. Wannan kam gado ne.

Na Turai zan taƙaita shi. A 1971 an ɗauki ƙadangarun bango guda goma, maza biyar mata biyar, daga tsibirin Pod Kopiste aka kai Pod Mrcaru, a tekun ƙasar da yau ake kira Kuroshiya. Tsibiri ne da bai wuce hekta uku ba, mai yawan tsiro. Aka bar su fiye da shekara 30. Da Anthony Herrel da abokansa suka buga sakamakonsu a 2008, sun tarar kawunan sun yi girma, cizo ya yi ƙarfi, kuma da rani wajen kashi 60 cikin ɗari na abincinsu ganye ne, alhali kakanninsu ƙwari suke ci. Har a hanjinsu an ga wasu ƴan ƙofofi da ke rage saurin abinci don ganye ya samu ya narke. Labari mai daɗi. Amma da aka tsare wasunsu aka ciyar da su ƙwari zalla na wasu makonni, sauyin hanjin ya koma baya. Kun ga tambayarmu ta dawo: wani ɓangare kanta ne.

Yanzu ga inda nake so in ɓata muku lissafi kaɗan. A littattafan lakkwal an koya mana cewa in aka raba jama'ar dabba da ruwa na dogon lokaci, sai su zama jinsi biyu da ba sa auren juna. Yana faruwa, ba shakka. Amma ku ji na Martinik, a tekun Karibiyan. Tsibirin nan asalinsa tsibirai ne daban-daban, kowane da nasa ƙadangarun, a rabe miliyoyin shekaru. Daga baya aman duwatsu ya cike tsakaninsu ya haɗe su wuri guda. Roger Thorpe da abokansa suka je daidai inda tsofaffin iyakokin suke, suka duba ƙwayoyin gado, suka buga a 2010. Zuriyoyin da suka rabu miliyoyin shekaru, da suka haɗu, sai suka ci gaba da auratayya kamar jiya suka rabu. Inda aka samu auratayya ta ragu sosai kuwa, tsakanin na busasshiyar gaɓa ne da na dajin kan tudu mai ruwa, su da ba teku tsakaninsu, zuriyarsu ma ɗaya. Launinsu ya bambanta, yanayin da suke ciki ya bambanta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne ruwa ƙofa kawai yake rufewa. Abin da zai faru a cikin ɗakin ya danganta da rariyar da ke ciki. In rariyar ɗaki biyu iri ɗaya ce, kana iya buɗe ƙofa bayan shekaru miliyan ka tarar ba su manta juna ba.

To, bashin mai waya. Ya ce ba mu da teku. Ga ƙadangare, tsibiri shi ne duk wurin da zai iya rayuwa, wanda abin da ba zai iya ƙetarewa ba ya kewaye. Rairayi ma teku ne. Tsakanin wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara kore ce, da tafkuna da koguna. A Gobero, cikin Tenere, inda tawagar Paul Sereno ta gano tsohuwar maƙabarta a 2000, an tono ƙasusuwan kifi da kada da dorina. A Dabus, arewa da Agadas, ga raƙumin dawa an sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita biyar. Da ruwa ya janye, abin da ya rage ya taru a duwatsu da gueltoci, wato kududdufan cikin dutse. Har yau akwai ƴan kadoji a Arshe cikin duwatsun Ennedi na Cadi, akwai kuma a Tagant ta Muritaniya, ɗaruruwan kilomita daga kowane kogi. Duwatsunmu na Abzin, da Bagzan da ta haura mita 2,000, tsibirai ne a tsakiyar yashi, da itatuwa da dabbobin da aka yanke daga ƴan'uwansu na kudu.

Kusa da mu ma, ga raƙuman dawa na Kure. A 1996 saura 49 a duk Afirka ta Yamma. An kiyaye su sun haura 600, alhamdu lillahi, amma dukansu jikokin waɗancan ƴan kaɗan ne, abin da ya ɓace na gado a wancan ƙunci yawa ba ya dawo da shi. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji. Ku da kuka ji labarin ango da amarya na Bahamas, kun san tambayar da ya kamata a yi game da takwas ɗin nan: su wa aka ɗauka, kuma za a riƙa kai musu baƙi?

Na ga mai kula da lokaci yana duban agogo. A kawo tambayoyi.

Wani dattijo: Malam, Allah ya ƙara sani. Ni tambayata, wannan magana ba ta ci karo da cewa Allah ne ya halicci kowace dabba da sifarta ba?

Baba, na gode, kuma na san da yawa a ɗakin nan ita ce a ransu. Ni ba malamin addini ba ne, ba zan yi fatawa a gabanku ba. Abin da na kawo muku awo ne: an auna ƙafa kafin guguwa, an auna bayanta. Mun yarda Allah ke saukar da ruwa, kuma muna koya wa yara yadda rana ke ɗaga tururi ya zama girgije, ba wanda ya ce mun yi saɓo. Sababi muke karantawa. Kuma Baba, kun ga zamanin da nibakin ke kashe zazzaɓin cizon sauro da ƙwaya kaɗan, kun ga lokacin da ta daina, har likita ya sauya magani. Ƙwayar cutar da maganin bai kashe ba ita ta hayayyafa. Rariyar nan ce dai, a cikin jininmu.

Wata ɗaliba: Malam, in mutum na so ya gwada irin wannan a nan, ba kuɗi ba kayan aiki, ta ina zai fara?

Yawwa ƴata. Kogin Isa na bayanki, da gungunansa, ga gaɓar Hausa ga ta Gurma. Sai dai ki sani gungun kogi ƙofarsa a buɗe take rabi: da rani ruwa na janyewa, kuma kwalekwale na kai itace da buhuna kullum, ƙadangare na bin kaya. Don haka kada ki sa rai da babban bambanci, kuma rashin bambancin ma sakamako ne, ki rubuta shi. Ko ki kwatanta na katangar siminti a cikin gari da na itatuwan gonaki. Kayan aiki: kara, zare, abin awo mai milimita, kaye da bik, da ɗan fenti na yi wa wanda kika auna ɗigo a baya don kada ki kama shi sau biyu. Ki fita da safe kafin jikinsu ya yi zafi, lokacin ba su da gudu. Maza daban, mata daban, kuma manya kawai. Aƙalla talatin a kowane wuri, don biyar ba su gaya miki komai sai sa'arki. Ki rubuta inda kika same shi zaune, tsayin wurin da kaurinsa. Ƙafa kuwa kullum ki raba ta da tsawon jiki, in ba haka ba babban ƙadangare zai ruɗe ki. Tsawon jikin daga bakin hanci zuwa gindin wutsiya ake aunawa, a bar wutsiyar, don tana guntulewa. Kuma ki sake shi a katangar da kika kama shi.